Alƙahira: Nazari a Kan Ma'ana da Asali da Laƙubban Sunan Babban Birnin Masar

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci sunan Alƙahira ta fuskar ma'anarsa da asalinsa da laƙubban da birnin ya tara cikin fiye da shekara 1000. An fara da unguwar Ma'adi da ke kudancin birnin, domin sunanta da tarihinta sun nuna cewa zaman mutane a wannan wuri ya girmi sunan Alƙahira nesa ba kusa ba. An bibiyi sunayen biranen da suka gabaci Alƙahira, aka auna ruwayoyi uku da ake bayarwa game da dalilin raɗa sunan, sannan aka duba yadda Misirawa da Turawa da Hausawa suke furta shi. Maƙalar ta gano cewa ruwayar siyasa ta fi ruwayar taurari ƙarfin hujja, kuma kalmar Misra a tsofaffin rubuce-rubuce tana iya nufin ƙasa ko birni, lamarin da ke buƙatar taka-tsantsan daga masu fassara zuwa Hausa.

Fitilun Kalmomi: Alƙahira, Ma'adi, Masar, Fusɗaɗ, Faɗimiyyawa, sunayen wurare, kirari

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami. Abin da ake nufi shi ne suna yana jan mai shi zuwa ga ma'anarsa. Haka zancen yake ga garuruwa, domin sau da yawa sunan gari yakan adana labarin wanda ya kafa shi, ko sana'ar mazaunansa na farko, ko burin da aka ɗora masa. Al'adar baka ta danganta sunan Kano da wani maƙeri da ya zo Dala daga Gaya, ta danganta Zariya da 'yar Bakwa Turunku, sunan Alƙalawa kuwa yana nuni da alƙalan da suka zauna wurin.

Alƙahira birni ne da Hausawa suka daɗe da sani ta hanyar aikin Hajji da fatauci da neman ilimi a Azhar. Duk da haka, ɗalibai da dama sukan yi shekaru a cikinsa suna jin mutanen gari na kiran sa Masr, suna karanta Alƙahira a takardun hukuma, suna ganin Mahrusa a jikin shaguna, ba tare da sun tsaya sun tambayi dangantakar waɗannan sunaye ba. Manufar wannan maƙala ita ce warware wannan dangantaka, bisa dogaro da abin da masana tarihin Masar suka rubuta, musamman Al-Maƙrizi (ya rasu 1442) a littafinsa na Al-Khiɗaɗ.

2.0 Ma'adi: Mashigar Nazari

Ma'adi unguwa ce a gabar gabas ta Kogin Nilu, kimanin kilomita 12 kudu da tsakiyar Alƙahira. Sunan jam'i ne na kalmar Larabci ma'adiyya, wato jirgin fito. A nan ne masu fito suke tsallakar da matafiya da ayari zuwa gabar yamma, shi ya sa sana'ar ta zama sunan wurin. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, suna da tsohuwar majami'a a bakin kogin, kuma ruwayarsu ta ce daga nan ne Nana Maryamu da Annabi Isa (AS) suka shiga jirgin ruwa zuwa kudancin ƙasar.

Unguwar da ake gani a yau, mai itatuwa da tituna masu lamba, an tsara ta ne a wajejen 1905, bayan wani kamfanin filaye ya sayi gonakin da ke gefen layin dogo na Helwan. Amma tonon da masana kufai irin su Mustafa Amir da Oswald Menghin da Ibrahim Rizkana suka yi daga 1930 zuwa 1953 ya bankaɗo wani matsuguni da ya rayu tsakanin kimanin shekara 3900 zuwa 3500 kafin Miladiyya, tun ba a fara sarautar Fir'aunoni ba. An sami tagulla da tukwanen da aka kawo daga Falasɗinu, abin da ke nuna mazaunan fatake ne. Ke nan wurin ya kasance mahaɗar hanyoyi sama da shekara 4000 kafin a ji sunan Alƙahira.

Dalilin wannan daɗewa a fili yake. A daidai wannan yanki ne kwarin Nilu mai ƙunci yake buɗewa ya zama faffadar fadamar arewa. Duk wanda ya riƙe mashigin ya riƙe kudu da arewa gaba ɗaya. Wanda ya hau jirgin ƙasa na cikin gari daga tashar Ma'adi ya nufi arewa, zai bi ta tashar Mar Girgis da ke jikin ganuwar Rumawa da kufan Fusɗaɗ, ya ratsa tsakiyar birni, ya kai Maɗariyya da Ainu Shams. Layi ɗaya ne, amma ya ɗinke sunayen zamunna mabambanta.

3.0 Sunayen da Suka Gabaci Alƙahira

Birni mafi daɗewa da ya riƙe sarautar yankin shi ne Manf, wanda Girkawa suka kira Memfis, kimanin kilomita 20 kudu da Alƙahira a gabar yamma. Ɗaya daga cikin sunayen babban ɗakin bautarsa shi ne Hut-ka-Ptah. Masana da yawa na ganin daga nan Girkawa suka samo Aiguptos, wanda ya haifar da sunan ƙasar a harsunan Turai, ya kuma haifar da kalmar Ƙibɗi ta Larabci, wadda Hausa ta mayar Kibɗawa. A arewa maso gabas kuma akwai Iunu, birnin bautar rana, wanda Girkawa suka kira Heliyopolis, Larabawa kuma Ainu Shams.

A zamanin Rumawa an gina ƙaƙƙarfar ganuwa a bakin kogi mai suna Babilon. Wannan suna ya daɗe a bakin Turawa, har a lokacin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya sukan kira Sarkin Masar da Sarkin Babilon. Wajibi ne mai karanta rubutun wancan zamani ya bambanta wannan da Babila ta Iraƙi.

Da Amru bn Asi ya ci ganuwar a 641, sai ya kafa sansani kusa da ita, aka kira shi Fusɗaɗ. Ruwaya ta ce kurciya ce ta yi ƙwai a kan tantinsa, ya hana a kwance tantin har ya dawo daga yaƙin Iskandariyya, sai aka gina gari a kewaye da shi. Fusɗaɗ a Larabci tanti ne. Wasu masana kuma sun ce kalmar ta fito daga fossaton ta Girkancin Rumawa, wato sansanin da aka kewaye da gwalalo. Ko wacce aka ɗauka, ma'anar ba ta yi nisa da zango ko sansani a Hausa ba.

Bayan faɗuwar Umayyawa a 750, Abbasiyawa suka gina Al-Askar, wato barikin soja, a arewa da Fusɗaɗ. A 870 Ahmad bn Ɗulun ya kafa Al-Ƙaɗa'i, ma'ana filayen da aka yanka wa rundunoni. An rushe wannan birni a 905, masallacinsa ne ya tsira har yau. Abin lura shi ne duk waɗannan sunaye uku siffanta wuri kawai suke yi: tanti, bariki, yankakkun filaye. Babu wanda yake ɗauke da da'awa. Da zuwan Faɗimiyyawa ne salon raɗa suna ya sauya.

4.0 Ma'ana da Asalin Sunan Alƙahira

4.1 Ma'ana ta Fuskar Lugga

Kalmar ta fito daga saiwar Larabci mai baƙaƙe uku, ƙ-h-r, wadda ke nufin rinjaya da tanƙwarawa da tilastawa. Daga ita aka sami Al-Ƙahhar cikin sunayen Allah kyawawa, da sunayen yanka irin su Abdulƙahir. Al-Ƙahira sifar mai aikatawa ce ta mace, wato mai rinjaya ko mai tanƙwara abokan gaba. An kawo ta a jinsin mace ne domin kalmar madina mace ce. Wannan ya dace da tsarin Hausa, inda sunayen garuruwa suke ɗaukar jinsin mace, kamar yadda ake cewa Kano ta Dabo.

Akwai bambanci tsakanin mai nasara da mai rinjaya. Mai nasara an taimake shi ne ya ci, mai rinjaya kuwa shi ne yake danne wani. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin birnin ya ɗauki sunan farko kafin ya koma na biyu.

4.2 Daga Mansuriyya zuwa Alƙahira

Daular Faɗimiyyawa, mabiya Shi'a Isma'iliyya, ta kafu a 909 a ƙasar da ake kira Tunisiya a yau. A 969 (358 Hijiriyya) kwamandansu Jauhar As-Siƙilli ya ci Masar, ya zana harsashin sabon birni a arewa maso gabas da Fusɗaɗ, ya kewaye shi da ganuwar tubali. Ya sa masa suna Al-Mansuriyya, irin sunan fadar ubangidansa da ke kusa da Ƙairawan, wadda Halifa Al-Mansur ya gina. Saiwar wannan suna ɗaya ce da ta kalmar nasara, don haka a ma'ana ɗan'uwan Nasarawa ne. An fara ginin masallacin Azhar a 970, aka buɗe shi a 972. Sai a 973 (362 Hijiriyya) Halifa Al-Mu'izz li Dinillah ya iso da kansa, birnin ya koma Al-Ƙahira Al-Mu'izziyya.

4.3 Ruwayoyi Uku

Ruwaya ta farko ita ce ta hankaka. An ce Jauhar ya sa an kafa turaku a kewayen filin, aka ɗaura igiyoyi masu ƙararrawa, aka umarci ma'aikata kada su sari ƙasa sai masana taurari sun ga sa'a mai kyau sun kaɗa ƙararrawar. Sai hankaka ya sauka a kan igiya, ƙararrawa ta kaɗa, ma'aikata suka fara haƙa. A daidai lokacin jan tauraron nan Mirrikh, wanda ake wa laƙabi da Al-Ƙahir, shi ne yake kan fitowa. Daga nan sunan ya samu.

Ruwaya ta biyu ta siyasa ce. Ta ce Al-Mu'izz ne ya zaɓi sunan da gangan, domin yana nufin birnin ya rinjayi duniya, musamman halifancin Abbasiyawa na Bagadaza wanda Faɗimiyyawa ba su yarda da halaccinsa ba.

Ruwaya ta uku ta fi yawa a rubuce-rubucen zamani. Masu ita suna cewa sunan ya fito daga tsohon harshen Masar, kahi-ra, wato ƙasar Ra, abin bautar rana, saboda kusancin wurin da Ainu Shams.

Idan aka auna su, ruwayar hankaka tana da rauni biyu. Na farko, Al-Mas'udi, wanda ya rasu a 956, shekara 13 kafin a kafa Alƙahira, ya riga ya kawo irin wannan labari na igiya da ƙararrawa da hankaka game da ginin Iskandariyya. Ke nan tsohuwar hikaya ce aka sauya mata gari. Na biyu, da a daren haƙa harsashi aka sami sunan, da birnin bai yi shekara huɗu ana kiran sa Al-Mansuriyya ba. Ruwaya ta uku kuwa kamannin sauti kawai ta dogara da shi, alhali sunan yana da cikakkiyar ma'ana a Larabci, kuma waɗanda suka raɗa shi da Larabci suke mulki. Ruwaya ta biyu ita ta dace da ɗabi'ar gidan: sun kira birninsu na farko Mahdiyya da sunan Al-Mahdi, na biyu Mansuriyya da sunan Al-Mansur, manyan ƙofofin Alƙahira kuma Babun Nasr da Babul Futuh, wato ƙofar nasara da ƙofar buɗe garuruwa. Wannan ba ya kore yiwuwar an duba taurari, domin fadojin wancan zamani ba su rabuwa da masu hisabi. Sai dai zaɓin sunan sanarwa ce ta mulki.

5.0 Misra: Ƙasa ko Birni?

Duk da wannan, mutumin Aswan ko Iskandariyya da zai je babban birni yakan ce zai tafi Masr. Kalmar tsohuwa ce a harsunan Samiyawa, Ibrananci na da Misrayim. Ta zo sau biyar a Alƙur'ani mai girma: sau biyu a Suratu Yusuf, sau ɗaya ɗaya a Yunus da Zukhruf da Baƙara, kodayake masu tafsiri sun saɓa kan ta Baƙara, ko Masar ake nufi ko kowane birni. A Larabci misr yana kuma nufin babban birnin sansani, irin Basra da Kufa da Fusɗaɗ.

A zamanin Faɗimiyyawa Alƙahira fadar halifa ce da rundunarsa, talakawa da 'yan kasuwa suna Fusɗaɗ, wadda ake kira Misr. Birane biyu ne daban. A 1168 waziri Shawar ya sa aka cinna wa Fusɗaɗ wuta don kada ta faɗa hannun 'yan Salibiyya. Bayan Salahuddin Al-Ayyubi ya kawo ƙarshen Faɗimiyyawa a 1171, ya buɗe Alƙahira ga jama'a, ya fara gina Ƙal'a a 1176, ya kuma ƙuduri kewaye biranen biyu da ganuwa ɗaya. Sannu a hankali sunan Misr ya bi jama'a zuwa sabon birni. Kufan Fusɗaɗ ya zama Masrul Ƙadima, unguwar da aka kafa a arewa maso gabas a 1905 kuma ta zama Masrul Gadida, kwatankwacin Tsohon Birni da Sabon Birni.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kano suna ne na birni da na ƙasa, haka Katsina, kuma mutumin karkara yakan ce zai shiga birni ba tare da ya ambaci suna ba. Amma ga mai fassara akwai tarko. Idan marubucin ƙarni na 11 ya ce wani malami ya bar Alƙahira ya koma Misr, Fusɗaɗ yake nufi, tafiyar da ba ta wuce 'yan kilomitoci ba. Wanda ya fassara shi da ƙasar Masar ya ɓata ma'ana.

6.0 Laƙubban Birnin

Kamar yadda Sakkwato take Birnin Shehu, Katsina kuma ta Dikko ɗakin kara, haka Alƙahira take da nata kirari.

Ƙahiratul Mu'izz: wannan ya jingina birnin ga wanda ya raɗa masa suna, daidai da tsarin Kano ta Dabo. Babban titin tsohon birni, daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, yana ɗauke da sunan Al-Mu'izz.

Ummud Dunya, wato uwar duniya: ana faɗar sa ga ƙasa da birni baki ɗaya, kuma ya zo a hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya. Ya yi ƙarfi a zamanin Mamluk, bayan Mongol sun rusa Bagadaza a 1258, halifancin Abbasiyawa ya sami mafaka a Alƙahira. Ibn Baɗɗuɗa da ya zo a 1326 ya siffanta ta da uwar garuruwa, Ibn Khaldun da ya iso Masar a 1382 kuma ya ɗauke ta cibiyar duniya, a nan ya rasu a 1406. Abin mamaki shi ne rinjayen da Faɗimiyyawa suka yi fata a kan Bagadaza ya tabbata ne bayan shuɗewarsu, a hannun sarakunan Sunna.

Al-Mahrusa, wato wadda Allah ya tsare: asalinsa addu'a ce da magatakarda suke liƙa wa sunan birni a takardun Mamluk da Usmaniyawa, har ta zama suna. Jirgin ruwan sarauta da aka ƙera wa Khidiwi Isma'il a 1865 ya ɗauki wannan suna, kuma shi ya fitar da Sarki Faruƙ daga ƙasar a 1952.

Birnin Hasumiya Dubu: yana nuni da yawan masallatai da makarantun da sarakuna suka yi ta gasar ginawa. Dubu a nan yawa take nufi, ba ƙidaya ba. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Faris ta Bakin Nilu: ya samu ne daga aikin Khidiwi Isma'il (1863 zuwa 1879), wanda ya ziyarci baje kolin Faris a 1867, ya dawo ya sa aka shata sababbin tituna da dandaloli bisa salon Faransa. Wannan ne kaɗai laƙabin da yake auna birnin da wani birni, sauran duk suna ɗora shi ne a kan saura.

7.0 Sunan a Bakin Baƙi da Hausawa

Fataken Italiya sun furta sunan Il Kairo, Faransawa suka ce Le Ker, Ingilishi ya yar da harafin al ya bar Kairo. Hausa ta bi wata hanya: ta haɗe al da gangar kalma, ta mayar da harafin ƙaf zuwa ƙ, kamar yadda ta yi a alƙali da alƙalami da Alƙur'ani. Wannan alama ce cewa sunan ya shigo Hausa ta hannun malamai da littattafai, kai tsaye daga Larabci. Ko a karin harshen mutanen birnin, inda ƙaf take komawa hamza, Al-Ƙahira na cikin 'yan kalmomin da suka riƙe ƙaf ɗinsu. Don haka rubuta Alƙahira da ƙ shi ya fi dacewa da asali da kuma ƙa'idar aro a Hausa.

Mutanen Afirka ta Yamma ma sun bar sawunsu a sunayen birnin. Unguwar Bulaƙud Dakrur da ke gabar yamma ta samo sunanta daga wani shehi Batakrure da ya zauna can a zamanin Faɗimiyyawa. Mutanen Kanem sun ɗauki nauyin makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ a ƙarni na 13, kuma Azhar ta daɗe da ruwaƙin ɗaliban Barno. Mansa Musa ya yada zango a birnin a 1324. Daga nan Imam Suyuɗi (ya rasu 1505) ya aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Takrur, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. A nan kuma Muhammadu Al-Kashnawi, Bakatsinen masanin lissafi da taurari, ya rasu a 1741 a gidan Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihi.

8.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa sunayen wannan wuri hawa uku ne. Akwai sunayen siffantawa irin Ma'adi da Fusɗaɗ da Al-Askar, waɗanda sana'a ko yanayin wuri suka haifar. Akwai sunan da'awa, Alƙahira, wanda mai mulki ya raɗa don isar da saƙo ga abokan hamayya. Akwai kuma sunayen jama'a, Masr da Ummud Dunya da Mahrusa, waɗanda ba doka ce ta kafa su ba. Daular da ta raɗa sunan ta faɗi bayan kimanin shekara 200, sunan kuwa ya wuce shekara 1050.

Maganar ba ta ƙare ba. A 2015 gwamnatin Masar ta sanar da gina sabon birnin mulki kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira, alhali tsarin mulkin 2014 ya ambaci Alƙahira a matsayin babban birnin ƙasa. Abin da ya faru da Fusɗaɗ da Al-Askar da Al-Ƙaɗa'i ya nuna cewa masu mulki sukan matsa su gina sabon mazauni, sannan tsohon birni ya bi su ya haɗiye shi, sunan Masr ya lulluɓe duka. Ana ba manazarta Hausa shawarar su riƙa rubuta Alƙahira ga birni, Masar ga ƙasa, su tantance abin da Misr take nufi a kowane matani kafin fassara, sannan su yi amfani da wannan ma'auni na hawa uku wajen nazarin sunayen garuruwan ƙasar Hausa, inda hikaya da tarihi suke cuɗanya kamar yadda suka cuɗanya a labarin hankakan Alƙahira.